Rufe Ƙorafi Ɗari Biyar Da Layi Ɗaya: Kitso Ne Da Ƙwarƙwata

Na yau darasi ne haɗe da faɗa, don haka kowa ya gyara zama.

Akwai wata dabara da masu haɗa manhaja ke amfani da ita. Mutum zai rubuta layi ɗaya a baƙin allon nan na umarni, ya danna Enter, nan take bayanan rahoton matsala ɗari biyar su canza. Dabara ce mai kyau, kuma zan nuna maka yadda ake yin ta a wayarka. Amma akwai masu amfani da ita wajen rufe ƙorafin mutane a dunƙule, ba su karanta ko guda ɗaya ba, sannan su fito suna murna wai sun share matsalolin manhajarsu. To da su nake. Abin da suke yi kitso ne da ƙwarƙwata: kai ya yi kyau a ido, ƙaiƙayi yana nan daram.

Tukuna, wane rahoto ake magana?

Duk manhajar da ke wayarka tana da matsaloli, waɗanda masu sana'ar ke kira ƙwari. Idan ka ci karo da ɗaya ka kai ƙorafi, akwai rumbun da ake ajiye shi. Mozilla, masu Firefox, suna amfani da Bugzilla wanda suka saki tun 1998, kuma lambobin rahoton da ke cikinsa sun wuce miliyan ɗaya tuntuni. Kamfanoni da yawa suna amfani da Jira na kamfanin Atlassian. Mafi yawan ƙananan manhajoji na kyauta kuwa a GitHub suke, a sashen da ake kira Issues.

Kowane rahoto kamar katin asibiti yake. Yana da lamba, yana da take, yana da bayanin ciwo, sannan yana da gurabe: laƙabin da ke nuna irin matsalar, tsananinta, wanda aka ɗora wa gyaran, zangon da ake sa ran gyarawa, da matsayinsa, wato a buɗe yake ko a rufe. Waɗannan guraben su ake canzawa a dunƙule.

Za ka ce ina ruwana, ni da ba na rubuta manhaja? Da ruwanka kuwa. Kai ne mai kai ƙorafin. In ma ba ka taɓa kaiwa ba, wani ya kai a madadinka, kuma rahotonsa ne zai sa a gyara abin da ke cinye maka caji ko yake fitar da kai daga manhaja kana tsakiyar tura kuɗi. Ga kuma matasanmu da yawa da suka fara koyon wannan sana'a da waya kawai. Gara su san hannun da ake riƙe wuƙar tun yanzu.

Yadda ake yi a waya

Ka sauke Termux. Masu shi sun fi ba da shawarar a ɗauko shi daga F-Droid. Idan ka buɗe, sai ka saka gh, wato manhajar layin umarni ta GitHub wadda sigarta ta 1.0 ta fito a watan Satumbar 2020:

pkg install gh

gh auth login

Bayan ka shiga da asusunka, ka gaya masa aikin da kake nufi don kada ka yi ta maimaita sunan:

export GH_REPO=sunanka/aikinka

A lura, sai aikinka ne, ko wanda masu shi suka ba ka izini, sannan za ka iya taɓa guraben rahoton wasu.

Yanzu a ce kana da rahotanni da yawa da ke ambaton Android a takensu amma babu laƙabi a kansu. Ka tattaro lambobinsu cikin fayil:

gh issue list --search "android in:title no:label" --limit 500 --json number --jq '.[].number' > lambobi.txt

Kula da wurin da aka rubuta 500 ɗin nan. Idan ba ka sa shi ba, guda 30 kacal zai kawo maka, ka ɗauka ka gama alhali ko fara wa ba ka yi ba. Sai ka ƙirƙiri laƙabin idan babu shi, ka manna musu gaba ɗaya:

gh label create android

xargs -n 20 gh issue edit --add-label android < lambobi.txt

Shi ke nan. Zai riƙa ɗaukarsu ashirin-ashirin har ya gama. Aikin da in da yatsa ne a ƙaramin allon waya, kana buɗe shafi bayan shafi, data na tafiya, caji na sauka, sai ka kwana a kai.

Don haka masu cewa baƙin allo burga ce ta 'yan kutse, su ma ba su faɗi daidai ba. Bugzilla kansa yana da wurin canza rahotanni da yawa lokaci guda, Jira ma haka. Lokacin da Mozilla suka sauya ma'aunin tsananin matsala daga kalmomi zuwa S1, S2, S3 da S4, ai ba mutum aka zaunar yana danna tsofaffin rahotanni ɗaya bayan ɗaya ba, a dunƙule aka mayar da su. Wannan shi ne aikin da aka ƙera wuƙar dominsa: jera kaya, raba su gida-gida, sauya sunan laƙabi, matsar da abin da bai samu shiga wannan zango ba zuwa na gaba, sauke aiki daga kan wanda ya bar tawaga a ɗora wa wani.

Inda ɓarnar take

Yanzu dubi wannan layin da kyau, amma kada ka danna shi:

gh issue list --search "updated:<2025-01-01" --limit 500 --json number --jq '.[].number' | xargs -n 1 gh issue close

Ma'anarsa: duk rahoton da ba a taɓa shi ba tun kafin shigowar 2025, a rufe shi. Kusan layi ɗaya ne da na farko, ƙarshensa kawai aka canza. Amma na farko ya jera kaya ne, wannan kuwa hukunci ya yanke. Ya ce wa mutum ɗari biyar maganarku ta ƙare, kuma wanda ya danna bai karanta ko ɗaya ba.

Abin ma bai tsaya nan ba. Tun 2022 GitHub ya raba rufewa: akwai rufewar an kammala, akwai rufewar ba a shirin yi. Idan ka rufe ba ka faɗi dalili ba, a matsayin an kammala yake tafiya. Ka ga ke nan layin can ya buga wa matsala ɗari biyar hatimin an gyara, alhali ko harafi ɗaya ba a taɓa a cikin manhajar ba. Wannan ƙarya ce a rubuce, ko da mai yin bai yi niyyar ƙarya ba. Gobe wani zai ci karo da matsalar, ya bincika, ya ga an ce an kammala, ya ɗauka wayarsa ce ta lalace. Wani ma har ya kai ta wurin mai gyara ya biya kuɗi a goge masa komai.

Sannan ga wani abu da yawancin mutane ba su sani ba. A GitHub, idan masu aikin ne suka rufe rahotonka, kai da ka kawo shi ba ka da ikon sake buɗewa. Sai dai ka tsaya a ƙasa kana roƙo, ko ka sake rubuta sabo daga farko. Shi daƙiƙa ɗaya ya ɓata a kanka. Kai kuwa ka ɓata yamma guda kana ɗaukar hoton allo, kana rubuta sunan wayarka da sigar Android ɗinka, kana haɗa Turancin da za a gane.

Da yake ɗan Adam akwai son sauƙi, sai aka mayar da layin nan butum-butumi mai aiki da kansa. Sanannen cikinsu a GitHub shi ne wanda ake kira stale. Yadda yake zuwa tun asali, idan rahoto ya yi kwana 60 babu motsi sai ya manna masa alamar ya tsufa, idan aka ƙara kwana 7 babu wanda ya tanka sai ya rufe. Kwana 67 ke nan tsakanin ƙorafinka da kwandon shara. Tambayar ita ce, wa ya yi shirun? Sau da yawa mai ƙorafi ya gama nasa, ya kawo duk abin da ake buƙata, masu gyara ne ba su waiwaye shi ba. Sai kuma a hukunta shi da shirun da ba nasa ba. Haba jama'a.

Kuma ba yau aka fara kukan nan ba. Tun 2003 Jamie Zawinski, ɗaya daga cikin waɗanda suka gina burauzar Netscape, ya yi rubutu mai zafi kan yadda aka rufe rahotannin da ya kai wa aikin GNOME a dunƙule bayan sun shekara da shekaru ba a duba ba, da hujjar cewa an sake rubuta manhajar. Sama da shekara ashirin ke nan, halin bai canza ba, kayan aikin ne kawai suka ƙara kaifi.

Wa ke kwana a ciki?

Nan ne maganar ta zo gida. Rahoton da ke tsira daga irin wannan shara shi ne mai hayaniya, wanda mutum ɗari ke shigowa kullum suna cewa ni ma haka take min. Wane rahoto ne ba shi da hayaniya? Na mutanen da ba su da yawa a wurin.

A ce wata manhajar rubutu ko ta ƙamus tana nuna akwati a madadin ɓ, ɗ, ƙ ko ƴ. Ko kuma ka nemi kalmar ƙasa ta kasa gano Ƙasa saboda ba ta san babba da ƙaramin harafin abu ɗaya ba ne. Bahaushe ɗaya ya daure ya kai rahoto. Masu jin Hausa miliyoyi ne, amma nawa ne a cikinsu ke da asusun GitHub, balle su shigo su mara masa baya? Rahoton zai zauna shiru. Matsalar kuwa tana cizon duk wanda ya buɗe manhajar daga Kano zuwa Damagaram. Bayan kwana 67, butum-butumi ya zo ya share.

Haka wanda ya kawo matsalar da ke faruwa a Tecno ko itel ko Infinix mai ƙaramin ma'aji, ko matsalar da ba ta fitowa sai intanet na yankewa. Mai manhajar da ke zaune inda intanet ba ya yankewa, da babbar waya a hannu, ba zai taɓa ganinta da idonsa ba. Rahoton nan shi kaɗai ne tagar da zai leƙo ya ga halin da muke ciki. Sharar dunƙule ita ke fara toshe tagar.

Shiru ba ya nufin an warke. Wanda ya je asibiti sau uku ba a duba shi ba ya daina zuwa, ba sauƙi ya samu ba, gajiya ya yi.

Me masu yi ke cewa?

Bari mu ba su haƙƙinsu, don suna da hujja. Suna cewa mu 'yan sa-kai ne, ba a biyanmu, mutum biyu ne ke riƙe da aikin da dubbai ke amfani da shi, rahoto ya taru ya kai dubu, rabinsu maimaici ne, wasu babu bayani sai manhajarku ba ta aiki, wasu kuma na sigar da ta mutu tuntuni. Idan ba mu share ba, muhimman ma ba za mu gani ba.

Duk gaskiya ne. Babu wanda ke bin ɗan sa-kai bashin gyara. Amma wannan hujjar ta ba ka damar ƙin gyarawa ne, ba ta ba ka damar rubuta an gyara ba. Kuma yawan rahoto a buɗe ba abin kunya ba ne. Manhajar da ake amfani da ita ce ake kai wa ƙorafi, wadda babu mai buɗe ta ita ce rumbunta ke wayam. Idan ganin muhimmai ne damuwarka, ai maganin yana hannunka: wuƙar nan dai. Manna laƙabi a dunƙule, ka ware na gaggawa, ka ware masu jiran bayani, ka ware waɗanda kake neman mai taimako a kansu, sannan ka tace jerinka ka ga abin da kake son gani kawai. Ba sai ka rufe bakin kowa ba.

Akwai ma waɗanda ke rufewa a dunƙule amma da ɗan mutunci. Fedora na fitar da sabuwar siga kusan duk wata shida, kowace kuma ana kula da ita kamar wata goma sha uku. Idan siga ta kusa ƙarewa, ana tura gargaɗi a kan rahotanninta tun da sauran lokaci, a ce idan matsalar na nan a sabuwar siga ka sauya lambar sigar. Waɗanda ba a sauya ba sai a rufe su da alamar EOL, wato sigar ce ta ƙare. Ba su ce an gyara ba. A Launchpad na Ubuntu kuwa, rahoton da ke mutuwa bayan kwana 60 shi ne wanda aka sa wa alamar bai cika ba, wato an yi wa mai shi tambaya bai amsa ba. Ko waɗannan ma mutane na kuka da su, kuma suna da dalilin kuka. Amma aƙalla akwai gargaɗi, akwai dalili na gaskiya a rubuce, akwai hanyar tsira. Wanda ya rufe komai saboda kwanan wata kawai, ko wannan bai kai ba.

Ƙa'idar da nake kira a bi

Gurabe iri biyu ne. Akwai masu bayyana rahoto: laƙabi, sashe, zango, wanda aka ɗora wa. Waɗannan canza su a dunƙule, babu laifi. Akwai kuma masu yanke hukunci: rufewa, cewa maimaici ne, cewa ba za a gyara ba. Waɗannan sai ido ya karanta. Idan ba ka da lokacin karantawa, ba ka da lokacin yanke hukunci, bar shi a buɗe.

Ko a kan nau'in farko ma, kada garin neman gira a rasa ido. Babu maɓallin komawa baya a wannan aiki, don haka ka bi waɗannan matakan.

Na ɗaya, ka ajiye yadda abubuwa suke kafin ka taɓa:

gh issue list --limit 500 --json number,title,labels,milestone,assignees,state > ajiya.json

Na biyu, kada ka haɗa nema da canzawa a layi ɗaya. Ka zuba lambobin a fayil tukuna, ka ƙirga su:

wc -l lambobi.txt

Idan kana tsammanin arba'in ka ga ɗari huɗu, tsaya, akwai kuskure a nemanka.

Na uku, ka sa echo a gaban umarnin don ya nuna maka abin da zai yi ba tare da ya yi ba:

xargs -n 20 echo gh issue edit --add-label android < lambobi.txt

Na huɗu, ka gwada da guda uku, ka buɗe su ka gani da idonka:

head -3 lambobi.txt | xargs gh issue edit --add-label android

Na biyar, kada ka goge fayil ɗin lambobin. Shi ne hanyarka ta komawa. Idan abu ya ɓaci, ka sauya add zuwa remove a umarnin, ka sake bi ta kan fayil ɗin, laƙabin zai fita daga inda ka sa shi kawai.

Na shida, ka nisanci canza take ko jikin bayani a dunƙule. Duk lambobin da ka ba shi, rubutu iri ɗaya zai ɗora musu, ka wayi gari rahoto ɗari suna da take ɗaya, kuma da hannu za ka bi kana dawo da su. Umarnin gogewa kuwa, wato gh issue delete, abin da ya tafi ya tafi ke nan.

Na bakwai, ka tuna da mutane. Manna laƙabi ba ya tura wa kowa saƙo, amma rufewa da rubuta sharhi suna tura sanarwa ga duk mai bibiyar rahoton. Sharhi ɗaya a kan rahoto ɗari uku ambaliyar imel ce a akwatin bayin Allah. GitHub ma da kansa yana ba da shawarar a bar aƙalla daƙiƙa ɗaya tsakanin canji da canji idan suna da yawa, in ba haka ba ya taka maka birki.

Idan kuma ka karanta, ka ga lallai ba za ka gyara ba, to ka faɗi gaskiya:

gh issue close 123 --reason "not planned" --comment "dalilinka a nan"

Mutum ya ji a'a a fili ya fi masa a ce an gyara alhali ba a gyara ba. Aƙalla zai san ya nemi wata manhajar.

Kai kuma mai ƙorafi

Idan butum-butumi ya zo ya ce rahotonka ya tsufa, kada ka yi fushi ka tafi. Sabunta manhajar, ka sake gwadawa. Idan matsalar na nan, ka rubuta cewa tana nan, ka faɗi lambar sigar, sunan wayarka da sigar Android. Idan an riga an rufe, ka rubuta hakan a ƙasa cikin ladabi. Idan an kwana biyu babu amsa, buɗe sabo ka saka lambar tsohon a ciki don kada bayanan da aka tara su ɓace. Ban da zagi, don yawancinsu kyauta suke yi maka aiki.

Idan kuma ka ga wani ya kai rahoton haruffanmu masu lanƙwasa, ko matsalar irin wayarka, kada ka wuce. Gwada a taka wayar, ka shiga ka rubuta abin da ka gani. Minti biyar ne, kuma yana iya zama shi ne abin da zai hana a share rahoton.

Ku kuma 'yan uwa masu tasowa a harkar nan, ranar da aikinku ya girma har rahoto ya fara taruwa, za ku ji sha'awar layin can na rufe ɗari biyar. Lambar za ta koma sifili, shafin ya yi fes, har ku ɗauki hoto ku ɗora. Ku dai tuna ƙwarin ba sa karanta rumbun rahoto. Suna cikin manhajar, a wayar wanda ya yarda da ku ya sauke ta da datarsa.

Wanda ya gwada matakan nan a Termux ya maƙale a wani wuri, ya faɗi inda ya tsaya da saƙon da ya fito masa, sai mu duba tare.